Mai Sito Ya Fita Tallar Kansa

Wata bakwai ke nan da rufe kamfanin robobi, amma har yanzu Mai Sito ake kiransa. Shekara goma sha tara ya yi yana riƙe da makullan ɗakin ajiyar kaya. Takardun neman aiki kuwa ya kai har ya gaji, ko "mun gani" babu wanda ya ce masa.

Babbar 'yarsa, mai karatun kasuwanci a jami'a, ta zo hutu ta same shi a falo yana ta warware wata fanka da lafiyarta ƙalau.

"Baba, yanzu fa kai ne hajar," in ji ta. "Su wa ke buƙatarka? Me kake da shi wanda wani ba shi da shi?"

"Ciwon baya," ya ce.

Mamansu ta yi dariya daga kicin. 'Yar ba ta yi ba. Ta ɗauko biro ta sa shi ya lissafo duk wanda aiki ya taɓa haɗa su, aka sami mutum talatin da ɗaya. Sannan ta tsara masa abin da zai riƙa faɗa: shekara sha tara, ko kwali ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya haddace kamar ɗan firamare, kunya na cin sa.

Sati uku yana zagaye. Tsohon manajansu ya shanya shi awa biyu a kan benci, ya fito da waya a kunne, ya dafa kafaɗarsa ya ce za su yi magana. Wani ya ba shi lemo, ya shiga zayyana masa nasa matsalolin. Mutum huɗu ashe sun rasu bai ji ba. Kullum in ya dawo sai ya daɗe zaune a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu kafin ya amsa sannu da zuwa.

Na ashirin da shida Dogo ne, direban babbar mota. A gareji ya same shi yana jiran a gama masa gyaran birki. Mai Sito ya gyara murya ya fara haddarsa, Dogo ya katse shi.

"Haba Mai Sito, ni za ka karanta wa? Sau nawa ka tsare ni a bakin get muna sake ƙirga kaya?" Ya goge hannu a wando. "Akwai mai sayar da tayil na daɓen ƙasa da nake kai wa kaya, sitonsa kamar bola. Sai dai kwana uku ne a sati, kuma a tsaye ake wuni."

"Kai ni wurinsa."

Ran Litinin ya fara. Da yamma 'yar ta bugo daga makaranta, muryarta cike da ɗoki, tana tambayar yadda aka yi.

"Alhamdu lillahi, sun karɓe ni," ya ce. "Jibi zan koma."

Ya miƙa wa Mamansu wayar su ƙarasa hirar, ya tsoma kumburarrun ƙafafunsa cikin ruwan ɗumin da ta ajiye masa.