Sai Inna Ta Ji Hon

"Danna, Baba!" na ce, kaina a ƙarƙashin murfin injin.

Ya danna. Sabon hon ɗin ya yi wani ɗan kuka kamar akuya mai mura, ya yi shiru.

Baba Direba maƙwabcina ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Jiya ya cire tsohon hon ɗin tsohuwar motarsa ya ɗaura wannan da hannunsa, yau kuma ya tashi da ciwon ƙirji. Ni tela ne, in ban da tuƙi ban san komai a mota ba. Matarsa Inna ce ta kira ni in kai shi asibiti, amma tsohon nan ya shige gaban sitiyari ya kafe.

"Ba inda za ni sai ya gyaru. Innarka ba ta jin bugun ƙofa, hon kaɗai take ji. In mun dawo, yaya za ta san na dawo?"

"Ni zan shiga in gaya mata."

"Kai ne mijinta?"

Haushi ya kama ni, amma tsoro ya fi haushin yawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, hannunsa na hagu kuma bai bar ƙirjinsa ba.

"Baba, don Allah mu tafi."

"Duba fis ɗin wutar hon."

Na duba, lafiya lau. Ya kunna fitila, ta kama tar, ke nan ba laifin batir ba ne. Ya lumshe ido yana numfashi da baki.

"Tsatsa ce," ya ce a hankali. "Inda aka ɗaure hon ɗin da jikin mota. Kwance notin, ka kankare wurin sai ka ga farin ƙarfe."

Na kwance, sipana ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Na goge wurin da sanfefa har yatsana ya fashe, ina zagin Baba a raina, ina yi masa addu'a a fili. Na mayar da notin na ɗaure tam.

"Danna!"

Shiru.

"Baba, danna mana!"

Sai hon ya tsage da ƙara, har kaina ya bugi murfin.

"Ya gyaru! Saki haka nan, mu tafi!"

Bai saki ba. Ƙarar ta ci gaba, miƙe, ba yankewa. Na leƙo ta gefen murfin. Baba ya kife a kan sitiyari, hularsa ta faɗo kan cinyarsa.

Na fizge wayar hon ɗin, titin ya yi tsit. Na taɓa wuyansa, na daɗe ina nema, ban ji komai ba.

A bayana aka zare sakata. Inna ce ta buɗe ƙofa kamar kullum, riƙe da kofin ruwan da take tarbarsa da shi, tana murmushi.

"Na ji shi," ta ce. "Har kun dawo?"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya fito, ruwan cike taf da kofin.