Desmond Pardoe da Faifai na Takwas

Desmond Pardoe mijin ƙanwata Beryl ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina cin abincin ranar Lahadi a gidansu a garin Dudley na Ingila, kuma ban taɓa jin bakinsa ya furta "ban sani ba". Kafin ya yi ritaya aikinsa buga hatimi ne a takardun izinin gini, amma in ya fara magana a kan kiɗan rok sai ka ɗauka shi yake ɗaure wa makaɗan tsirkiyar jita. Mutumin da ko tafi ba ya iya yi daidai da kiɗa. Na gan shi da idona a bikin 'yarsa.

Ni sunana Ivor Tranter, bas na tuƙa har ƙafata ta gaji. Gardamarmu da Desmond guda ɗaya ce tun ranar da ya shigo danginmu: a cikin ƙungiyoyin makaɗan zamaninmu, wacce ce ta yi ta sakin fayafayai ba ta taɓa sakin na banza ba? Ni na tsaya a kan ƙungiyar Harlan Cross. Fayafayai uku suka yi, kowanne ya fi wani daɗi, sannan suka yi faɗa a kan mace suka watse.

"Uku?" in ji Desmond, yana yanka nama kamar mai yi wa mutum tiyata. "Ivor, kowane sakarai zai iya yin taku uku bai faɗi ba. Kawo mini waɗanda suka yi tafiyar shekara ashirin."

Nasa gwanayen su ne Tanner's Forge, 'yan garin Wolverhampton. Fayafayai goma sha ɗaya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ba kowane faifai maki a ciki, kuma a cikin sha ɗayan nan babu wanda ya samu ƙasa da tara cikin goma.

"Na takwas fa?" nakan ce masa.

Duk wanda ya yi samartaka a garinmu ya san labarin na takwas. A 1982 mawaƙinsu ya yi fushi ya tafi, suka ɗauko wani mai yi wa baƙi waƙa a otal-otal na bakin teku, suka sallami mai ganga suka sayi na'ura ta riƙa buga musu. Gidajen rediyo ko kallon faifan ba su yi ba.

"Na takwas sai mai kunne," Desmond yake cewa. "Ba don direbobin bas aka yi shi ba."

Haka muke har sakataren kulob ɗinmu ya rasa wanda zai yi wa 'yan fansho jawabin yammacin Asabar a ɗakin sama. Wancan watan wani ne ya yi magana a kan kiwon tattabaru. Desmond ya miƙa kansa. Mako uku yana shiri. Ya buga takardu arba'in na rabawa, ya sayi sabon lakataye, ya riƙa gwada jawabin a gaban madubin banɗaki har Beryl ta koma wanke fuska a kicin.

Lahadin da ta rage kwana shida, ina taya Beryl wanke kwanuka, shi kuma yana falo yana jera fayafayan a kan kafet.

"Ni dai a yi a gama," ta ce. "Na gaji da goge musu ƙura. Huɗun ƙarshen nan ma ledarsu santsi gare ta, kullum sai ɗaya ya kusa suɓuce mini."

"Wace leda?"

"Ta shago mana. Ai bai taɓa buɗe su ba. Wai iska tana ɓata su."

Na ajiye farantin da ke hannuna a hankali. "Beryl, to a ina ya saurare su?"

"Oho. Ka ga kaset a gidan nan? Kuma ka san abin da yake cewa a kan kiɗan cikin waya." Ta dube ni, ta ga yadda bakina yake motsi. "Ivor. Kada ka kuskura."

"Me na ce?"

"Ba ka ce komai ba, shi ya sa nake ja maka kunne."

Washegari da safe na tafi kasuwa wurin Gurmit Sandhu. Gurmit yana da rumfar tsofaffin fayafayai tun muna da gashi a ka, kuma shi aka roƙa ya kawo garmaho ranar jawabin. Da na gaya masa sai da ya zauna a kan akwati saboda dariya.

"Mutumin da ya tsaya a nan ya koya mini yadda ake riƙe faifai!" ya ce yana share hawaye. "Ni! Na takwas ɗin kuwa ina da shi har guda shida. Kyauta na taɓa ba wani, bayan kwana biyu ya dawo mini da shi."

Ranar Asabar aka wuni ana ruwa, abin da ya taimaki Desmond ke nan, don mutum ashirin da wani abu suka hau ɗakin sama. Rabinsu shayi da burodi mai cuku ne suka kawo su. Desmond ya jingina fayafayansa a kan dogon teburi, bakwai a gaba, huɗun nan a can baya inda fitila ba ta kai sosai. Yana cikin raba takardu sai Gurmit ya ce bari ya gwada na'ura kafin a fara. Ya ɗora faifai na takwas, ya kifa bangon a ƙarƙashin kujerarsa, ya sauke allura.

Na'urar ganga ta fara, tif-tif-tif, kamar famfo yana ɗiga a bokiti. Sai wata murya mai zaƙin tsiya ta shigo tana lanƙwasa.

Desmond ya tsaya cak da takardu a hannu. "Gurmit, mene ne wannan?"

"Gwaji nake, Farfesa. Abin da hannuna ya taɓa na ɗora."

"To hannunka ya taɓa shara." Ya juya ga jama'a, fuskarsa ta washe, ya samu abin buɗe jawabi a sama. "A'a, bar shi, bar shi tukuna. Jama'a, ku saurara da kyau. Wannan shi ne abin da na zo in yi muku magana a kai. Kun ji gangar nan? Babu ɗan Adam a bayanta. Kun ji mawaƙin? Irin wanda ake ɗauka ne ya yi waƙa lokacin da mutane ke cin kifi da dankali ba mai sauraronsa. Ga mai jita can a baya yana jin kunya, da ƙyar ake jin sa. Haka ƙungiya take zama in ta sayar da mutuncinta. Waɗanda zan gabatar muku yau ba su taɓa faɗawa wannan rami ba, ko sau ɗaya."

"Maki nawa za ka ba shi, Desmond?" na tambaya daga layi na biyu.

"Biyu. Ɗaya don sun zo wurin aiki, ɗaya don faifan ya fito a zagaye."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, har yana gyara lakataye. Gurmit ya sunkuya ya ɗauko bangon, ya taka a hankali ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba da lambar yabo.

Desmond ya duba. Ya juya bayan bangon ya duba. Ya waiwaya ga teburinsa, inda irinsa sak yake jingine yana ƙyalli a cikin leda. Kunnuwansa suka yi ja tun daga sama har ƙasa.

"Wannan bugun waje ne," ya ce. "Bugun ƙasar Holan. Kowa ya san sun lalata sautin."

"Bugun gida ne," in ji Gurmit. "Amma ga naka nan. Yage ledar mu ji bambancin."

Wani tsoho a baya ya miƙa wuya. "Au, wai ba a ma buɗe ba?"

"Takardar nan ta ce tara da rabi," wata ta ce, tana nuna abin da ya raba musu da yatsa. "Ga shi nan. Wai 'faifan da ya fi ƙarfin zamaninsa'."

Na jingina da kujera na harɗe ƙafa. Shekara talatin da ɗaya nake jiran wannan yammaci, kuma na yi niyyar in sha shi a hankali. Gurmit ya kai hannu zai ɗage allura.

"Kai, cire hannunka daga nan."

Misis Hadgkiss ce, Edna Hadgkiss, wadda ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makarantar unguwarmu abinci. Ta haura tamanin, tana zaune kusa da tukunyar shayi da sandarta a kan cinya.

"Marigayi mijina Ron ne ya saya mini faifan nan," ta ce. "Da shi muka yi fentin kicin ɗinmu. Na fi shekara ashirin ban ji shi ba, ba kuwa za a katse mini shi don wasu tsofaffin banza suna wasan yara ba." Ta juyo da sandar ta nuna ni. "Kai Ivor Tranter, da kake ta washe baki tun ɗazu. Kai ka saurare shi?"

"Kowa ya san faifan nan, Misis Hadgkiss."

"Ba kowa na tambaya ba. Waƙa ta biyu a ɗaya gefen, a kan me take magana?"

Na buɗe baki. Gaskiyar magana ita ce waƙa ɗaya da rabi na taɓa ji, a 1983, a tsaye a rumfar Gurmit, kafin lokacin aikina ya yi in ruga tasha. Sauran abin da na sani a mashaya na tsince shi.

"Na san za a yi haka," ta ce, ta ja tsaki. "Ɗaya ya ba shi tara da rabi bai ji ba, ɗaya ya zage shi shekara talatin bai ji ba. Kai kuma Gurmit sayarwa kawai ka sani. Duk ku zauna."

Muka zauna. Har Desmond, a gefen teburinsa, da sauran takardu a cinya. Minti arba'in da ɗaya muka yi, gefe biyu, ba wanda ya isa ya yi tari. Misis Hadgkiss ta rufe ido tana bin waƙoƙin da leɓe, ba ta kuskure kalma ɗaya ba.

Tun da yanzu na ji shi daga farko har ƙarshe, ina da bakin magana: faifan banza ne. Waƙa ta biyu a ɗaya gefen, wadda ashe a kan rufe wata masana'antar ƙarfe take, ba laifi. Sauran waƙoƙi takwas ɗin kuwa ko a ɗakin jiran likitan haƙori aka sa maka su sai ka nemi a yi maka allura da wuri.

Da aka gama, yawancin mutane suka ɗauki lemarsu suka sauka, don ruwa ya tsagaita kuma burodi ya ƙare. Desmond ya miƙe ya yi jawabinsa ga mutum bakwai, bai rage ko layi ɗaya ba, sai a wuri guda. Da ya zo kan faifai na takwas sai ya yi gyaran murya ya tsallake zuwa na tara, wanda shi ma bai taɓa ji ba.

Beryl ta tare ni a bakin matakala.

"A kicin na gaya maka, ni da kai," ta ce a hankali. "Ban ce ka kai shi kasuwa ba."

"Beryl, mutumin nan shekara talatin yana…"

"Na san halinsa. Ni nake zaune da shi. Gobe ka nemi inda za ka ci abinci."

Lahadi shida na yi ina cin wake na gwangwani a gidana. A ta bakwai Beryl ta bugo waya ta ce in zo, amma kada in ɗauka an manta.

Na tarar da Desmond a kujerarsa, cikin walwala kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya yage ledojin, ya saurari huɗun duka a yini ɗaya, in ji Beryl, yana fitowa daga ɗaki yana komawa kamar mai jinya. Kafin a kawo nama ya buɗe littafinsa ya turo mini. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin faifai na bakwai.

"Na yi nazari," ya ce. "Ƙungiya mawaƙinta ne. Ranar da ya fita, Tanner's Forge ta ƙare. Abin da ya biyo baya wasu mutane ne daban suke amfani da sunan. Saboda haka fayafayansu bakwai ne, kuma babu na yarwa a ciki. Abin da nake faɗa maka ke nan tun farko."

"Tun farko sha ɗaya kake cewa."

"Ba ka dai fahimce ni ba. Bakwai dai sun fi uku, ko a lissafin direban bas."

Na dubi Beryl ko za ta sa baki. Ta ajiye kwanon dankali a tsakiyar teburi da ƙarfi, ta ce duk wanda ya ƙara ambaton faifai kafin a gama cin abinci, a waje zai ƙarasa. Desmond ya rufe littafin, ya ɗora gwiwar hannu a kansa, ya ce in miƙo masa gishiri.