Wando Mai Maɓallai a Gefe

Almakashin ya bi gefen wandon tun daga ƙugu har ƙasa, Inna ba ta ko ƙifta ido ba. Sabon wando ne fil, jiya ta gama shi. Ta juya ɗaya gefen shi ma ta farke, sannan ta shimfiɗa takardar buhun siminti da take ɗora wa yadi in za ta yanka wa Auta wando. Takardar ta sha fensir. Ga layin ƙugunsa na da, ga na bayan ya fara shan ƙwaya, kullum sai ƙara shigewa ciki yake.

"Wai laifin me wandon ya yi miki?" in ji maigidanta daga bakin ƙofa.

"Maɓallai zan jera masa a gefe."

"Na me?"

"Ƙafar da ka kai aka sa wa mari ai ba ta shiga wando, Malam."

Ya gyara zaman hularsa ya fice. Shi dai maganarsa ɗaya ce, yaro ba zai bar gidan horo ba sai masu gidan sun ce ya shiryu. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, ta haɗa shi da yayyensa, duk a banza. Ba ta neman komai a duniya sai ƙarfen nan ya bar ƙafar ɗanta. A zuwanta na ƙarshe ta tarar da shi cikin wando mai dauɗa kamar tsumman murhu, idon sawunsa ya kumbura. Tunda ta kasa raba shi da ƙarfen, ta ce aƙalla ya riƙa sauya kaya da kansa duk sanda ya so. Ta ƙara yadi ta ciki don kada maɓalli ya goge masa ciwo, ta hau keken ɗinki.

* * *

Ɗakin ganawa ba shi da taga, sai benci da warin fitsari. Auta ya shigo yana jan ƙafa, taku gajere gajere. Ya durƙusa ya gaishe ta, bai ɗago kai ba. A bayansa mai makulli ne, wani ƙaton mutum mai fara'a, wanda komai aka kawo sai ya bi ta hannunsa.

Mai makullin ya warware wandon, ya ɓalle gefe guda, ya mayar. Sai ya tuntsire da dariya.

"Kai, Inna! Allah ya yi wa hannun nan albarka. Wallahi kin hutar da mu. Duk ranar wanki sai na kwance wa yaran nan mari, na tsaya a kansu su sauya, su yi ta nawa suna susar ƙafa, sannan na mayar. Wannan kam ba sai an kwance shi ba."

Inna ta dubi ɗanta.

"Ranar wankin ce kawai nake miƙe ƙafata, Inna," Auta ya ce, muryarsa a kwance kamar labarin wani yake ba ta.

Ta miƙa hannu. "Kawo, akwai gyara."

"Gyaran me? Ni ban ga abin gyara ba." Ya cilla wa Auta wandon. "Sa mu gani. Inna, in za ki dawo ki taho mana da takardar yankan, sauran yaran ma suna buƙata."

Ta nemi kuka ta rasa. Ta nemi fushi, shi ma babu. Cikinta fayau, ba ta jin komai.

Auta ya ɗora wandon a jikinsa, amma ya kasa sa maɓalli ko ɗaya. Inna ta sauko daga benci ta durƙusa a gabansa. Ta fara daga ƙugu, tana sa su ɗaya bayan ɗaya, har yatsanta ya taɓa sanyin ƙarfen.

Wandon ya zauna masa cif, ko kaɗan ba ya neman gyara.