Goron da Aka Kai wa Umda

Duk mai cewa Bature mai jin Hausa abin sha'awa ne, to bai gamu da Malam Garba ba. Sunansa na ainihi wani abu ne mai karya harshe, shi ya sa ranar da ya fara shiga motar Ɗan'azumi ya miƙo hannu ya ce da Hausa tas, "A Najeriya Malam Garba ake ce mini." Injiniyan ruwa ne a ɗaya daga kamfanonin da suka cika Jidda da siminti lokacin da arzikin mai ya ɓarke, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa kafin ya zo. Ɗan'azumi direban kamfanin ne. A Ammariyya aka haife shi, a lungun 'yan Takari, jikokin mahajjatan da suka zo a ƙafa ba su koma ba. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, don haka da Baturen ya jero masa ina gajiya, ina gida, ina labari, sai kunya ta kama shi, ya ga kamar shi ne baƙo a cikin yaren ubansa.

Da hutun zafi ya zo, Garba ya kawo shawara. A cikin katangar gidajen ma'aikata akwai fili mai ciyawa ta gaske. Shi zai kawo ƙwallo da riguna, matarsa za ta koya wa ƙanana zane da fenti, Ɗan'azumi kuma ya riƙa kwaso yaran unguwa bayan la'asar yana horar da su, tunda an ce ya tsare gida a ƙuruciyarsa. Yaran da suka saba buga ƙunshin tsumma a kan tsakuwa, wa zai ƙi musu wannan?

Sai dai yawancin yaran lungun ba su da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Shi Ɗan'azumi kamfani ne kafilinsa, ya yi masa iƙama, wato takardar zama. Ƙanwarsa Sauda kuwa mijinta ya rasu bai gyara mata komai ba, ya bar ta da yara biyu, Saleh da Zakiya, tana soya ƙosai a bakin kasuwar Balad. Wanda askar, wato ɗan sanda, ya kama ba takarda, tarhili ne kawai, a tusa ƙeyarsa zuwa ƙasar kakanninsa ko da bai san hanyarta ba. Abin da ya riƙe lungun tsawon shekaru shi ne tsohon umdan unguwar, wato mai unguwarsu. Ya san kowa har kakansa, amma idan ya biyo ta lungun sai ya tsura wa bangon ɗaya gefen ido har ya wuce.

Ɗan'azumi ya bi gida gida da kansa yana roƙon iyaye. Sauda ce ta fi ba shi wahala.

"Yaya, ka san halin da muke ciki," ta ce, tana juya ƙosai ba ta dube shi ba. "Ni ko ƙofar asibiti ba na bi."

"Cikin katanga ne, ya Sauda. Askar ba ya shiga. Zakiya ba ta taɓa riƙe fensir mai launi ba. Halas, a wuyana suke."

Ta yarda, don ba ta saba musu da shi ba.

Makonnin farko abin ya yi daɗi, ba za a ɓoye ba. Saleh ya zama mai tsaron baya, ƙafa kamar taɓarya. Zakiya kuwa sai ga shi hannunta na zane ne, abin da ko uwarta ba ta sani ba. Wata la'asar ruwan sha ya ƙare a fili, Ɗan'azumi ya zagaya rumfar masu zane ya ɗebo. Ya tarar da ƙananan a zaune sun naɗe ƙafa, matar Garba tana manna hotunan ƙyalle a jikin wani allo, Garba yana fassara da Hausa haɗe da Larabci. Labarin wani makiyayi ne da ya mutu saboda tumakinsa ya kuma tashi. Da aka gama aka ce kowa ya rufe ido ya sunkuyar da kai, ga Zakiya a gaba ta runtse nata iya ƙarfinta, ita ga mai biyayya.

Ɗan'azumi ya ji kansa ya yi zafi har kunnuwansa. Ya daure har yara suka hau mota, sannan ya ja Garba bayan rumfa.

"Mene ne wancan?"

"Labari ne kawai, abokina. Ai ku ma kun san Annabi Isa."

"Kada ka ce mini abokina! Wa ke sayen ƙwallayen nan?"

Garba ya faɗi gaskiya, don ba ya ƙarya kai tsaye, sai dai ya bar mutum ya yaudari kansa. Cocinsu na gida ne ke saye. Irin wannan sansani ya yi shi a garuruwa da dama a Najeriya, ƙwallo da zane da labari, kuma ba a taɓa tilasta wa yaro komai ba.

"Nan Najeriya ce?" Ɗan'azumi ya daka masa tsawa. "Ya sheikh, ka san inda kake kuwa? Da fuskata na karɓo 'ya'yan mutane. Kai in an kama ka jirgi za a sa ka, ka koma gidanku ka ba da labari a yi maka tafi. Su fa?"

Garba ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin ba sauran labari. Ya roƙi abu guda, a bar yaran su yi wasan ƙarshe ranar Alhamis a raba kyauta, kowa ya watse lafiya. Ɗan'azumi ya auna. Idan ya tsayar da abin kwatsam iyaye za su tambayi dalili, dalilin kuma zai fita lungu ya shiga kasuwa kafin magariba. Gara a rufe shiru. Haka ya yanke, kuma da ya san abin da Baturen ke nufi da raba kyauta da ya ƙona motar ya huta.

Ranar Alhamis ya sauke yara ya tarar an kafa rumfa, an jera kujeru, an rataye zanen yara a igiya da maƙalai kamar shanya. A tsakiyar sahun gaba ga kujera mai matashi. Garba ya fito cikin babbar riga da hula, gumi na zuba, fuska cike da murna.

"Kujerar wa ce waccan?" in ji Ɗan'azumi.

"Bazata na yi maka. Na san al'adarku, ba a taro mai unguwa bai sani ba, rashin kunya ne. Shekaranjiya na je na gaida umda a dakalinsa, na kai masa goro ƙwarya guda, fari da ja. Shi zai miƙa wa yara kyauta."

Ɗan'azumi ya dubi yaran da ya kwaso. Mutum ya yi shekaru yana koyon gaisuwar mutane da goronsu, amma bai taɓa tambayar abin da suke tsoro ba. A ƙauyen da Garba ya sani, a kai wa mai unguwa goro shi ne samun inuwa. A Ammariyya inuwar duka ita ce kada umda ya gani.

"Yalla, yalla, kowa mota!" Ɗan'azumi ya ƙwala wa yara. "Saleh, kamo ƙanwarka!"

Yaran suka tsaya suna kallonsa, riguna sababbi a jiki, ba wanda ya motsa. Kafin ya sake buɗe baki mai gadi ya wangale ƙofa, wata farar mota ta shigo.

Umda bai zo don yana so ba. Baturen babban kamfani ya tsaya masa a gaban jama'a da ƙwaryar goro, ta ina zai ƙi? Kuma da yake ƙafa ta yi nauyi, surukinsa ne ya tuƙo shi, wani matashin hafsan 'yan sanda mai sabon tauraro a kafaɗa. Tsohon ya fito yana dogara sanda, ya dubi yaran, ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo wucewa ta gaban Ɗan'azumi ya rage murya ya ce da Larabci, "Shekara da shekaru ina kau da kai, ya Ɗan'azumi. Yau ka jera mini su a layi."

Aka buga wasa, Ɗan'azumi bai san wanda ya ci ba. Da aka zo rabon kyauta Garba ya miƙe yana kiran kowane yaro da sunansa da na ubansa, da ƙarfi, yadda ake karrama mutum a ƙasar Hausa. Umda na miƙa kofi da fensir idonsa a ƙasa. Hafsan kuwa zama ya ishe shi, ya tashi yana bin igiyar zane, hannu a baya. Matar Garba ta cire duk zanen da zai jawo magana, amma ta kasa cire na Zakiya, don shi ne ya zo na ɗaya. Wani mutum ne ɗauke da tunkiya a kafaɗa, tafin hannayensa da ɗigon jan fenti.

"Wa ya zana wannan?" hafsan ya tambaya.

Zakiya ta fito da gudu, don tun safe take jiran wani ya tambaya. Da Larabcin Jidda mai daɗi ta ba shi labarin kaf, wane ne makiyayin, me ya huda masa hannu, wa ya koya musu, har da yadda ake rufe ido. Hafsan ya saurara har ƙarshe, ya shafa kanta, ya tambaye ta sunan babanta da inda suke zaune. Ta faɗa masa har da launin ƙofarsu.

Kashegari da hantsi motocin askar suka tare bakin lungun ta gaba da baya. Binciken masu wa'azin mishan aka zo yi, amma mai bincike takarda yake fara tambaya. Aka kwashe gidaje da dama, har da Sauda da yaranta, kaskon ƙosanta na kan wuta. Ɗan'azumi ma an tsare shi, sai da kamfani ya aiko aka sake shi, ba don Allah ba, don babu mai jan babbar motar.

Garba kuwa, kamar yadda Ɗan'azumi ya faɗa masa, kamfani ya lallaɓa ya sa shi a jirgi shi da matarsa. Kuma don abin ya cika cin fuska, Ɗan'azumi aka ce ya ɗauki akwatunansu ya kai filin jirgi. Baturen ya yi zuru-zuru, da gaske abin ya dame shi, wannan kuwa ya ƙara wa Ɗan'azumi haushi.

"Ban sani ba, wallahi ban sani ba," in ji Garba. "Girmamawa na yi nufi. Za mu riƙa yi musu addu'a, duk cocinmu."

Ɗan'azumi ya sauke akwatin ƙarshe ya dangwarar da shi a ƙasa har murfin ya buɗe.

"Ba ka sani ba saboda ba ka tambaya ba. Kullum kana gefena a mota, bakinka bai taɓa gajiya da koya mini al'adar ubana ba. Riƙe addu'arka. Imshi, tafi abinka."

Daga nan ya wuce gidan da ake tsare waɗanda za a kora. Ya yi roƙo a ofis ofis, ya je dakalin umda tsohon ya ƙi ɗaga ido, domin abin ya riga ya fi ƙarfinsa. An ce jirgin Kano za a sa su. Da ƙyar aka bar shi ya ga Sauda ta tsakanin ƙarafa, ya kai mata burodi da zannuwa. Saleh ya juya masa baya. Zakiya ta ɓuya a bayan uwarta, ta daina magana tun ranar da ta gane bakinta ne ya nuna ƙofa, kuma ba wanda ya iya fahimtar da ita cewa ba laifinta ba ne.

Ɗan'azumi ya shirya wa zagi, ya ma fi son ta zage shi. Sauda ta karɓi ƙunshin ta ajiye, ta daɗe tana kallonsa da busassun idanu.

"Na ji, an ce Kano," ta ce. "To Yaya, in mun sauka, gidan wa zan ce a kai mu?"

Ya laluba kansa, ya bi sunayen da ya taɓa ji a bakin ubansu, duk matattu ne, garin ma bai tabbatar da shi ba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, bakinsa na motsi, har askar ya zo ya ce lokaci ya ƙare.