Tumakin Zuwairatu

Zuwairatu ta dawo Lafiya ne a lokacin da ake ta zancen mulkin kai a kasuwa, Turawa ba su riga sun tafi ba. Ta sauka daga jirgin ƙasa da ƙullin kayanta a ka, ba wanda ya zo tarbarta. Ta daɗe a asibitin kutare na mishan can wajen Binuwai, har sabon magani ya zo, ƙwayoyi farare ƙanana, ta sha ta warke. Likitoci suka ce ciwon ya mutu a jikinta, ba za ta shafa wa kowa ba. Amma abin da ya riga ya ci ya ci. Yatsun hannunta na dama sun gutsure, na hagu sun lanƙwashe, gashin girarta ya zube.

Mijinta ya sake ta tun tana can, iyayenta kuma sun rasu ba ta ga gawarsu ba. Wanda ya rage mata shi ne ƙaninta Ya'u, mai sayen doya yana loda wa jirgi zuwa arewa. Ya'u ba mugun mutum ba ne. Ya sa aka gina mata ɗaki a ƙarshen gonarsa, a kan hanyar Kwandare, ya ware mata tumaki 'yan kaɗan da rago guda daga dabbobin da mahaifinsu ya bari. Yakan aiko da dawa da gishiri. In ya zo da kansa sai ya tsaya a bakin shinge ya gaishe ta, ya tambayi jiki, idonsa na kan gona, sa'an nan ya ce rana tana yi masa. Bai taɓa tsallake shingen ba, ita ma ba ta taɓa ce masa ya shigo ba.

Rijiya sai mata sun watse take zuwa, da guganta na kanta. Maƙwabciyarta ta gona, wata Batibiya mai suna Ngunan, takan ɗaga mata fartanya daga nesa, iyakar gaisuwarsu ke nan. Wani lokaci Zuwairatu takan wuni ba ta ji muryar kanta ba sai in ta yi wa tumaki faɗa. Akwai wata tunkiya mai farin goshi da take kira Kyalla, ita ce mai shigowa har ƙofar ɗaki ta tsaya tana kallonta tana tuƙa.

Da damina ta yi tsakiya tumakin suka fara haihuwa. Garken yana cikin kwari ne a bayan ɗaki, inda ruwa ke kwanciya, ƙasa ta zama taɓo gauraye da kashi da fitsari. A nan 'ya'yan suka faɗo. Zuwairatu ta yi murna irin wadda ta manta ana yi, amma ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ko da yake an gaya mata ta warke, shekarun da ta yi tana ganin ana janye yara daga gabanta sun koya wa hannuwanta tsayawa a jikinta. In ɗan tunkiya ya kasa samun nono sai ta tura shi da kara a hankali, in bai kama ba ta bar shi, ta ce uwarsa ta fi ta sanin abin yi.

Ba su yi nisa da haihuwa ba ta ga ɗaya yana ɗingishi. Ta ɗauka uwarsa ce ta taka shi. Washegari gwiwarsa ta kumbura kamar ɗan goruba, ya daina bin uwar, ya kwanta yana kuka ƙasa-ƙasa. Kafin ta gama tunanin abin yi wani ma ya kwanta, sa'an nan tagwayen Kyalla duka biyu. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta ajiye musu, ba su sha ba. Na farkon ya mutu wata safiya ana yayyafi. Ta ja shi da fartanya ta binne a gindin ɗorawa, ta daɗe tana kallon dunƙulen hannunta.

Labari bai kwana ba. Masu wucewa zuwa Kwandare sun ga 'yan tumaki suna jan gwiwa, aka ce ciwon matar nan ne ya bar jikinta ya koma kan dabbobi, ga shi nan ya fara cin gaɓoɓinsu kamar yadda ya ci nata. Ngunan ta daina ɗaure awakinta a wannan gefen. Da Ya'u ya zo, ya tsaya a bakin shinge kamar kullum.

"Yaya, mutane suna magana," in ji shi. "Gara a yanka su duka a binne. Zan kawo miki kaji."

Ta ce masa ta ji. Ta roƙe shi ya dakata har bayan kasuwa mai zuwa, ya ce to.

Abin da ya fi damunta shi ne ita ma ta fara yarda da maganar. Ba ta taɓa su ba, amma ai ita ke zuba musu ruwa, ita ke yanko musu ciyawa. Ta yi tunanin in haka ne, to, likitocin mishan sun yi kuskure, babu wani mai rai da zai zauna kusa da ita ya tsira. Wannan ne take son sani, ko da amsar za ta yi ɗaci. Shi ya sa da safe ta shimfiɗa tsumma a kwando, ta mirgina ɗaya daga tagwayen a ciki da gefen zane, ta ɗora a ka ta nufi gari, Kyalla na binta da kuka har bakin hanya.

Ofishin dabbobi na En'e ɗaki ne guda da rumfar kwano. Fulani da mahauta suna zaune a inuwar mangwaro suna jiran malamin. Da ta iso suka matsa, har inuwar ta zama tata ita kaɗai. Ta zauna ta jira kowa ya gama.

Malamin dabbobin sunansa Iortyer, Batibe ne dogo, da gajeren wando na kaki da alƙalami a aljihu. Hausarsa irin ta mutanen Binuwai ce, bai damu da bambanta "ya" da "ta" ba. Ya dubi hannuwanta sau ɗaya, ya dubi kwandon, ya tsuguna. Ya taɓa gwiwar, ɗan tunkiyar ya zabura.

"Mama, riƙe min shi, ka kwantar da shi rigingine."

Ta ce gara ya kira wani ya riƙe, ita hannunta ba shi da kyau. Ya ce ba kowa, kuma shi hannu biyu kawai Allah ya ba shi. Ta sa hannu ta ɗauko shi. Jikinsa zafi zau, zuciyarsa na bugawa a tafinta da sauri kamar ta ɗan tsako. Malamin ya matsa cibiyar, wadda ta kumbura ta yi tauri, sai ga mugunya ta fito.

"Ga ƙofar da ciwon ya shiga," in ji shi. "Wannan ba naki ba ne, Mama. Na gan shi a garken Fulani, na gan shi a gonar gwamnati. Ciwon cibiya ne, ya bi jini ya sauka a gwiwa."

Ta sunkuyar da kai tana gyara tsumman kwando, ta daɗe tana gyarawa.

Ya yi wa ɗan tunkiyar allurar fenisilin, ya ce allura ɗaya ba ta isa, sai an jera kwanaki ana yi, kuma yana son ganin sauran. Da la'asar sai ga shi a kan kekensa. Ya jingine keken, ya ɗaga ƙyauren shinge ya shigo, ba tare da ya tsaya neman izini ba. Da ya ga garken sai ya girgiza kai. Ya nuna mata taɓon, ya ce ɗanyar cibiya kamar buɗaɗɗen rauni ce, in ta kwanta a cikin wannan ƙazanta dole ta ɗauki cuta. Ya tambaye ta ko 'ya'yan sun sha dakashi sosai ranar da aka haife su, wato nonon farko mai kauri. Ta ce wasu sun sha, tagwayen kuwa sun daɗe ba su kama ba. Ya ce wannan nonon shi ne rigar yaƙinsu, in ɗa ya kasa kamawa sai mai shi ya ɗauke shi ya sa masa nonon a baki.

Haka ya riƙa zuwa kullum bayan ya tashi aiki. Ita ke riƙewa, shi ke sokawa. Ya nuna mata yadda za ta gasa musu gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi, ta juya su kada gefe ɗaya ya ƙage, ta tatsi uwar ta ba waɗanda ba sa iya tsayuwa. Wata rana ya kife turminta ya zauna a kai, ya share gumi, ya ce ta ba shi ruwa. Ta yi tsaye kamar ba ta ji ba, sai da ya maimaita. Ta shiga ta ɗauko sabuwar ƙwarya da ba ta taɓa sha a ciki ba, ta ɗebo ta ajiye a ƙasa a gabansa. Ya ɗauka ya shanye, ya shiga ba ta labarin uwarsa a Gboko, wadda ba ta yarda da allura ba ko ga mutum balle dabba. Zuwairatu ta yi dariya, muryar ta fito mata baƙuwa.

Sabon garke ita kaɗai ta yi shi, a kan tudun gabas da ɗaki. Gatari ba ya zama a hannunta sai ta ɗaure shi da igiya a tsintsiyar hannu. Ta kafa itace, ta yi jinka, ta ɗebo yashi daga rafi a ƙwarya ta zuba, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Tafin hannunta ya tsage ba ta ji ba, sai da ta ga jini a ƙotar gatarin.

Allurar ba ta ceci duka ba. Wanda ya daɗe da kwanciya ya mutu duk da haka. Wanda ta kai gari ya miƙe sarai. Ɗan'uwansa ya rayu amma gwiwarsa ta ƙage, ya tashi yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Malam Iortyer ya ce da an kama ciwon ranar da ɗingishi ya fara da ba haka ba, in ta sake gani kada ta jira. Ya ba ta kwalbar aidin, jan maganin rauni. Ta san warinsa tun kafin ya buɗe, warin ɗakin wankin miki ne na asibiti. Ya ce duk wanda aka haifa ta tsoma cibiyarsa a ciki nan take, ta sake kafin rana ta faɗi. Yatsunta ba sa riƙe auduga, don haka ta samo murfin gwangwani mai ɗan zurfi. In ta matse ɗan tunkiya a hammata sai ta danna murfin a cikinsa har cibiyar ta nutse. Tunkiyar da ta yi saura ta haihu a sabon garke, ɗanta bai ko yi ɗingishi ba.

Malamin ya sami Ya'u a tashar jirgi ya yi masa bayani. Ya'u bai ƙara ɗaga maganar yanka ba. Ya zo ya leƙa sabon garken daga bakin shinge, ya ce ya yi kyau, ya ce rana tana yi masa. Maganar gari ta lafa a hankali, ba don an yarda ba, don dai an sami wata. Ngunan ce kaɗai ta zo wata rana da akuyarta ta haihu. Ta ajiye ƙoƙo a kan dutse ta ja da baya, ta ce an ce akwai jan magani a nan. Zuwairatu ta tsiyaya mata, ta gaya mata yadda ake yi da maganar dakashi. Ngunan ta yi godiya ta sa ganye ta ɗauki ƙoƙon.

Bayan allura ta ƙare malamin ya daina zuwa, don ba abin da zai kawo shi. In ta ji ƙararrawar keke a hanya takan ɗaga kai, sai ta ga mai kifi ne ko ɗan sanda.

Da ruwan sabuwar shekara ya sauka, zabinta suka fara ƙwai, Kyalla kuma ciki ya tsufa, aidin ya kusa ƙarewa. Ta tara wa Malam Iortyer ƙwai a ƙwarya ta jera su cikin ƙaiƙayi, ta wanke zanenta, ta tafi ofishin dabbobi. Wani malami daban ta tarar a kan kujerar. Ya ce an mayar da Malam Iortyer Shendam tun kafin azumi. Mutumin kirki ne shi ma. Ya ce ta ajiye kwalbar a kan tebur, ya cika ta, ya tura mata da bayan alƙalami. Ya tambaye ta ko ƙwan na sayarwa ne, ta ce a'a.

Ta iso gida rana ta karkata, hadari na haɗowa ta wajen Obi. Tun daga hanya ta ji kukan Kyalla ya sake. Ta haihu, mace guda, tana lasarta a kan busasshiyar ciyawa. Zuwairatu ta sauke ƙwaryar, ta ɗauko murfin gwangwani, ta matse 'yar a hammata ta tsoma cibiyar. Ta durƙusa ta kai bakinta ga nono, ta riƙe ta a nan har ta ji tana zuƙa, jelarta na kaɗawa.

Iska ta taso. Ta shigar da itace ɗaki, ta hura wuta, ta dafa ƙwai biyu ta ci da gishiri a bakin ƙofa tana kallon ruwan yana tahowa ta kan gonar doya. Sauran ta sa wa wata kazarta da ke kwanci.