Makullin Motar Baba

Malam ya kwashe safiyar nan yana feɗe wa ɗalibansa jawaban manyan mutane. Ga inda mai jawabi ya maimaita kalma har ta zauna a kunne. Ga inda ya ce "mu" alhali kansa yake nufi. Ga inda ya yi shiru da gangan. Mafi kaifi kuma, in ji shi, ka ari bakin mamacin da jama'a ke ƙauna, don ba mai musu da wanda ke kabari. Ɗalibai suka yi dariya, shi ma ya ji daɗin kansa.

Da la'asar yayarsa ta kira. "Baba ya sake goga motar a bangon maƙwabta. Idon nan nasa ya tafi. Ni na yi magana har na gaji. Kai ne mai baki, je ka karɓo makullin kafin ya taka ɗan wani."

Ya tarar da tsohon a ƙofar gida yana share gilashin motar da tsumma. Tun rasuwar Inna, motar nan ce ke kai shi wurin 'yan abokan da suka rage masa.

"Yayarka ce ta turo ka," in ji Baba. "Koma ka ce ba na nan."

Malam ya durƙusa ya fara. Bai ce "kai" ba, sai "mu". Muna tsoro, Baba, muna tsoro. Ya yi shiru daidai inda ya kamata, yana jin kunyar yadda abin ke zuwa masa a sauƙaƙe. Tsohon dai ko gezau, sai share gilashi yake. Nan Malam ya sassauta murya.

"A asibiti Inna ta riƙe hannuna. Ta ce, kar ku bar shi da tuƙin nan, ku kula min da shi."

Inna ba ta taɓa faɗin haka ba. A kwanakinta na ƙarshe ko magana ba ta iya yi sosai.

Tsumman ya tsaya. Baba ya laluba aljihu ya miƙo makullin, ba gardama. Malam ya karɓa. Ya so a ce tsohon ya zage shi.

"Ni ba ta ce min komai ba," in ji Baba a hankali. "Ina ta jira, har ta cika." Ya jawo benci, ya zauna, ya bubbuga gefensa. "Zo zauna nan, ɗana. Kar ka rage min ko kalma ɗaya. Me kuma ta ce a kaina?"