Yajin Rwang

Ranar Litinin da hantsi Rwang ya rasu a kan kujerar falo, kofin shayinsa ko hucewa bai yi ba. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas a titunan London bai taɓa goge ko madubin wani ba, sai ga shi zuciya ta tsaya masa ranar hutunsa. Kafin la'asar flat ɗinsu na Tottenham ya cika da 'yan coci, takalma har bakin matakala. Matarsa Damaris tana zaune a ƙasa, matan zumuntar coci sun kewaye ta. Amma hankalinta ba ya kan masu kukan. Yana can wurin Dachung, ɗansu tilo, wanda bai san komai ba tukuna.

Shekara uku ke nan Dachung yana Monterrey, wani birni a arewacin Mexico, kusa da iyakar Amurka. Injiniya ne a wani kamfanin Amurkawa mai ƙera kayan mota. A ce mutum ya je Mexico, ai ka sa ran zai dawo da harshen mutanen Mexico, ko? Ina! Shi Ba'amurke ya zama. A unguwar da yake, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, maƙwabtansa duk Amurkawa ne da masu son zama Amurkawa. Ƙarshen mako su hau mota su tsallaka Texas sayayya. Ya sayi wata malafa mai faɗin faranti, yana kiran ogansa da sunansa gatsau, har Turancinsa na Tottenham ya fara fita ta hanci.

A kan haka suka ɓata da ubansa. Rwang bai so tafiyar ba tun farko, kuma ba mutum ne mai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Wata rana a waya Dachung ya ce masa wai wani likitan magana da yake gani ya ba shi shawara ya sa “boundaries” tsakaninsa da iyayensa. Rwang ya ce, “Iyaka? Ni gona ce da za ka sa min iyaka?” Ya ajiye waya. Tun daga nan sai gaisuwar Kirsimeti, ita ma a taƙaice. Damaris ce take tsakiya, tana kai wa wannan gaisuwar da wancan bai aiko ba.

Dattijo Mordecai, wanda shi ne babba a cikin mutanen Jos na cocinsu, ya zo ya zauna kusa da ita. Ya ce, “Maman Dachung, kada kowa ya kira yaron nan. Ba a faɗa wa mutum mutuwar ubansa a waya, yana shi kaɗai a ƙasar da ba shi da kowa. Sai an sami babba ya je ya zauna da shi tukuna.”

Ba ta yi musu ba, don abin da ke ranta ke nan. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu a Bukuru, Rwang ya riƙe maganar kwana biyu cur, yana cin abinci da ita kamar ba komai, har sai da matan zumunta suka samu zuwa suka zauna da ita. Da ta faɗi, akwai hannun da ya tare ta. Ta sha gode masa a kan wannan. To Dachung fa? Wa zai tare shi a hawa na goma sha huɗu? Da ta tuna barandar nan da yake nuna mata a video, da duwatsu can a baya da motoci a ƙasa ƙanana kamar kiyashi, sai ta gyaɗa wa Mordecai kai.

Aka shiga neman babba a Monterrey. Abin dariya ne in ba don mutuwa ce ba. Mutanen da ko a unguwar Stratford ta nan London za su samo maka ɗan ƙauyenku cikin rabin awa, sai ga su sun rasa mutum ɗaya tak. An buga waya Houston, an buga Toronto. Ran Talata aka samo wani fasto ɗan Kaduna a babban birnin Mexico. Ya ce tsakaninsa da Monterrey tafiyar jirgi ce, amma zai yi booking, ran Asabar zai je. Mordecai ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, na London da na gida, yana jan kunne: kowa ya kama bakinsa har Asabar.

Ran Talatar Dachung ya kira ta kamar yadda ya saba. Ta wanke fuska, ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta ƙi kunna video, ta ce mura take yi. Da Hausa take masa magana, shi kuma ya amsa da Turanci, kamar kullum. Ya tambayi Baba, ta ce yana hutawa. Ta ce ya kamata ya nemi hutu ya zo. Ya ce sai bayan Thanksgiving, wani bikin godiya na Amurkawa da za a yi ran Alhamis a gidan ogansa. Kowa zai kawo abincin garinsu, shi kuma ya yi alkawarin tsire.

Ran Laraba da rana wayar Rwang ta yi ƙara a kan firji, inda aka bar ta tun Litinin. Damaris ta ɗauka. Saƙon murya ne daga Dachung. Da ta bari, da shi ke nan. Amma uwa ce, yatsanta ya riga tunaninta.

Muryar ta fito a hankali, kuma da Hausa, Hausar nan tasa mai ɗingishi da rabonta da ji tun yana firamare. “Baba, ina wuni. Ni ne. Gobe zan gasa tsire wa mutane. A garin nan kowa yana gasa nama, amma ba su san yaji ba. Na samu gyaɗa, na yi ƙuli-ƙuli da kaina. Ban san yadda kake haɗawa ba. In kana da lokaci, ka faɗa min.” Sai ya ƙara da cewa, “Shi ke nan. Na gode, Baba.”

Ta zauna a kan kujerar kicin ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ran Litinin. Shekara uku tana roƙon Allah wannan saƙon, sai ya iso da kwana biyu a makare.

Da ta share ido sai ta ga abin da ta yi. Alamar da ke jikin saƙon ta riga ta zama shuɗiya, Dachung ya ga an saurara. In ba a amsa ba, ɗayan biyu ne: ko ya ce ubansa ya ji muryarsa ya yi banza da shi, ko ya kira wayar, asiri ya tonu kafin Asabar. Ba ta tambayi Mordecai ba, ba ta tambayi kowa ba. Ai yajin nan ta san shi, shekara talatin tana kallon Rwang yana haɗa shi, kowace bazara a bayan coci mutane na layi. Ta rubuta da manyan baƙaƙe yadda Rwang yake rubutu: ƙuli-ƙuli kofi biyu, citta cokali uku, barkono, masoro kaɗan, gishiri, kada ya sa mai sai nama ya sha yaji. Nan ya kamata ta tsaya. Sai ta ƙara abin da ta daɗe tana so mijinta ya faɗa, abin da ta rantse yana cikin ransa: “Na ji daɗin jin muryarka, ɗana. Allah ya yi maka albarka.”

Minti bai cika ba amsa ta zo. “Na gode, Baba. Zan kira ka ran Lahadi mu yi magana sosai.”

Ran Alhamis da yamma, wajen ƙarfe shida, tana falo da Mordecai da Anatu, ƙanwar Rwang, suna maganar akwatin gawa da yadda za a kai shi gida. Wayar Anatu ta yi ƙara, ta duba, ta dafe kai. “Wayyo Yesu! Wane mara hankali ne wannan?” Wani yaro cikin danginsu a Bukuru, wanda jan kunnen bai kai gare shi ba ko ya kai bai shiga ba, ya sa hoton Rwang a Facebook da kyandir a gefe, da ranar rasuwa ɓaro-ɓaro, ya kuma maƙala sunan Dachung a jiki don a yi masa ta'aziyya. Mordecai ya fara lalubar lambar yaron don ya cire. Bai gama ba wayar Damaris ta ɗauki ƙara.

Video ne. Ta ɗauka.

Can tsakar rana ce. Dachung yana tsaye a bayan wani gida mai ciyawa shar, da malafarsa, da ƙyallen girki a ƙirji. A bayansa hayaƙi na tashi daga wurin gashi, wani farin mutum da gajeren wando yana juya tsinken nama, ana kiɗa, yara na tsalle cikin tafkin wanka na gidan. Ba wanda ya kalli inda yake. Abin da ta gudar masa ke nan, ga shi ya same shi a tsaye, ba kowa kusa.

“Mummy, gaskiya ne?”

“Dachung, ka samu wuri ka zauna tukuna.”

“Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, ɗana.”

“Yaushe?”

“Litinin.”

Mordecai ya matso ya leƙa cikin wayar. “Yarona, ka yi haƙuri, ni na hana. Mun shirya fasto zai zo wurinka ran Asabar, don kada ka ji kai kaɗai. Haka ake yi.” Dachung ko kallonsa bai yi ba. Idonsa yana kan uwarsa, kuma ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. Da Hausa ya yi maganar, a hankali, kamar mai tsoron amsar.

“Litinin. To jiya wa ya turo min yaji?”

Mordecai da Anatu suka juyo suna kallonta.

“Na karanta wa mutanen nan saƙon, Mama. Na fassara musu. Na ce babana ne, mun shirya. Matar ogana har ta rungume ni.” Muryarsa ta karye. “Yajin ban damu ba. Wancan fa? Wa ya rubuta ‘ɗana’?”

Ta so ta ce masa Rwang ya faɗa kafin ya rasu. Ƙarya ɗaya ce kawai za ta ƙara a kan sauran, kuma zai iya riƙe ta har tsufansa. Ta buɗe baki ta kasa.

“Ni ce.”

Ya daɗe yana kallonta. Can baya wani ya ɗaga tsinken tsire yana kiran sunansa, yana cewa bai taɓa cin nama mai daɗin wannan ba. Dachung ya cire malafar, ya koma Turanci, muryarsa a daidaice kamar yana magana da wata a ofis. Ya ce zai zo jana'iza. Ya ce kada kowa ya je tarbarsa a filin jirgi, zai kama hotel a Stratford. Ya ce a gaya wa faston ya yi cancel.

“Dachung, don kai na yi. Wallahi don kai na yi.”

“Na sani,” ya ce. “Ki kashe wayarsa.”

Hoton ya ɗauke. Anatu ta fara kuka, Mordecai ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Damaris ta tashi ta shiga kicin ta ɗauko wayar Rwang daga kan firji. Saƙon ƙarshe yana nan a buɗe, na kiran da za a yi ran Lahadi. Ta danna maɓallin gefe ta riƙe har fuskar wayar ta yi baƙi.